Shafuka Goma Sha Ɗaya

Ranar da ta fara ganinsa bai ko ɗago kai ba. Yana zaune bayan injin fotokwafi, waya jingine da gwangwanin gam, yana kallon fim baki buɗe. Ta tsaya tana cizon gefen mayafinta, ta ce a ranta: ga irinsu nan, masu jira a tauna a zuba musu a baki.

Littafi ta kawo gyara. Da shi ta koya wa kanta karatu a kan keken ɗinki, tana bin baƙaƙe da tsinin almakashi. A gwanjo ta same shi, ba bango, ƙarshensa a yage. Labarin wata nas ne da direban jirgin ƙasa, kuma daidai inda ciwo ya kwantar da nas ɗin, shi yana can wata tasha mai nisa, takarda ta ƙare.

"Malama, wannan ai ba shi da wutsiya," in ji mai fotokwafi.

"Ɗinke abin da ya saura. Ba hira na zo ba."

Ya ce zai nemo cikon a wajen wani abokinsa, ta dawo jibi. Jibin nan sai da ta zama kwana goma sha biyu. Ga jahilci, ga lalaci.

Amma ya cika alkawari. Shafuka goma sha ɗaya ne, sun fi sauran fari. A cikinsu direba ya iso cikin ruwan sama da karyayyar lema, ya tarar da nas ta warke, tana bakin taga tana cizon gefen mayafinta. Sai da mai ɗinki ta haddace su tas, duk da ba ta taɓa gaya wa kowa cewa ta yi kuka ba.

Shekara uku tana kai masa littattafai gyara, shekara uku tana yi masa gori. Idan ta tambaye shi me ya karanta, sai ya nuna waya ya ce fim ɗin yake jira. Wata rana tana karanto masa shafin ƙarshe da ka, don ya ji abin da ya wuce shi, ta ce, "sai ta juya."

"Ta waiwaya," ya ce, idonsa a kan inji.

Ta yi tsaki. Ko aku ma yana tsintar kalma.

Sai aka yi fim ɗin littafin. Ta kalla a wayar yayarta, tana tsaki tun daga farko. Sun ba nas farce zaƙo-zaƙo, sun mai da direba ɗan gayu. Da aka zo ƙarshe sai suka kashe nas ɗin, direba ya iso ana naɗe tabarmar zaman makoki. Ba ruwan sama, ba lema.

Ko zaren da ke jikin rigarta ba ta kakkaɓe ba ta nufi shagon.

"Ka ga aikin mutanenka? Sun yanka labari kamar telan da bai iya awo ba. Wanda bai karanta ba sai ya ɗauka haka marubucin ya yi!"

"Wataƙila su ne da gaskiya, Malama."

"Ai dole ka ce haka. Makaho bai san ana ganinsa ba."

Bai rama ba. Ya ce dai kawunsa yana son zuwa gidansu ranar Asabar, idan ta yarda. Ba ta yi mamaki ba, ta daɗe da lura da yadda yake goge mata kujera. Ta ce zai ji daga bakin goggonta.

A gida goggo ta ce, "Ke 'yar nan, mutum ga sana'a ga haƙuri. Takarda za ki aura?"

"Goggo, ba zan zauna da wanda bai taɓa kai littafi ƙarshe ba. Da me za mu yi hira, da tawada?"

Ta yanke ranar Juma'a za ta kai masa amsar da kanta, har da hujja. Saboda fim ɗin an sake buga littafin, da hoton mai farcen nan a bango. Za ta sayo sabo fil, ta buɗe masa babin ƙarshe, ta ce ya karanta in ya iya, sannan ta ce a'a.

A tsaye ta buɗe shi gaban mai sayar da littattafai. Ta karanta babin ƙarshe. Ta sake karantawa. Ta zaro tsohon nata daga jaka, ta haɗa su gefe da gefe, ta daɗe tana kallon fararen shafukan nan. Sai ta ji abu a bakinta. Gefen mayafinta ne.

Shagon mai fotokwafi cike yake da masu jiran takardu. Ta ratsa su ta aje littattafan biyu a kan injin. Mai fotokwafi ya kalli sabon, ya kalli tsohon, ya kife wayarsa a hankali.

"Ashe marubucin ma kashe ta ya yi," ta ce, ba ta damu da masu sauraro ba. "Kawunka ya zo ranar Asabar. Na yi alkawari zan aure ka, amma duk littafin da ya ƙare da mutuwa, kai za ka zauna ka rubuta min wani ƙarshen, yadda ka rubuta min wannan."