Filin da Ake Kafa Rumfar Makoki

"Sauke hannun nan," in ji mahaifinta, ko kallonta bai yi ba.

"Ba zan sauke ba, Baba."

Unguwa ta taru a filin shaƙatawa, ana ƙirga hannun masu son a gina tafkin ninkaya a filin. Dattawa sun ƙi. Gidajen wannan gefe na Lusaka ƙanana ne, a filin nan ake kafa rumfar makoki, kuma mahaifinta ne shugaban ƙungiyar jana'iza.

"Ku ji 'yar jami'a!" in ji gwaggonta. "A ruwa za ki zaunar mana da masu ta'aziyya, kamar kwaɗi?"

"Gwaggo, makokin su wa muka yi da daminar nan? Ba yaran da ruwan ramin fasa dutse ya cinye ba? Sauran su koyi iyo, mu rage kafa rumfa."

Sai iyaye mata suka fara ɗaga hannu, suna kallon ƙasa, har suka rinjayi dattawan.

Daga ranar mahaifinta ya daina cin tuwon da ta tuƙa. Kullum ta ajiye masa, kullum ta ɗauke da sanyinsa. Da aka gina tafkin aka cika shi, ita ta fara shiga da yaran unguwar.

Ramin bai ƙara cin kowa ba. Amma da mahaifinta ya rasu, mutumin da ya kafa wa kowa rumfa, a bakin titi aka yi zaman makokinsa, motoci suna watsa wa baƙi taɓo. Ta raba musu shayi ba ta sunkuyar da kai ba. Har ya bar duniya bai sake kiranta 'yarsa ba.