Zanen Ummulkhairi

Hasiya ta kutsa cikin zauren taron a Tudun Wada. Matan da aka yi wa fyaɗe ne suka baje zane-zanensu, kowacce ta zana wanda ya cuce ta. Har da 'yarta, Ummulkhairi.

Abu ɗaya take tsoro, kada yarinyar ta zana fuskar baffanta Sale, asirin gida ya tonu.

Ta tsaya gaban zanen. Babu Sale a ciki. Yarinya ce kawai, idanunta jawur, wani hannu ya toshe mata baki. Hasiya ta sauke ajiyar zuciya.

"Allah ya tsine wa mai hannun nan," in ji wata tsohuwa a gefenta.

"Amin, Inna," Hasiya ta amsa da sauri.

Tsohuwar ta matsa, ta ƙura ido. "Amma mai zanen ta yi kuskure. Yatsu shida ta yi masa. Kuma ina aka taɓa ganin ƙato da lalle?"

Ummulkhairi ce ta amsa daga bayansu. "Ba kuskure ba ne, Inna. Shi sau ɗaya ya cuce ni. Mai hannun nan kuwa, kullum sai ta ce in yi shiru, a rufa asiri."

Ko kallon mahaifiyarta ba ta yi ba.

A hankali Hasiya ta ja hannunta mai cindo, ta cusa shi cikin hijabi. Amma ta riga ta ce amin.