Jikan Calvert

Lizzy ta karɓe makirufo daga hannun Raymond kafin ya gama jawabi. Zauren bikin da ke garin Gaithersburg na Amurka ya yi tsit.

Shekara da shekaru suna tare, rana ɗaya ya rabu da ita, wai danginta ba su da asali. Shi kuwa wai jikan Calvert ne, Baturen haƙar kuza na Bukuru, jinin manyan Ingila. Yau yake baiko da wata.

"Na taya ka bincike, Raymond," in ji ta. "Na bi sunan nan har Ingila ta zamanin da. Ka san ma'anar Calvert? Mai kiwon maruƙa. Yaron garke ke nan."

Aka fara ƙus-ƙus. Raymond ya gyara kwat ɗinsa, ya yi dariya.

"To sai me? Makiyayi ko sarki, jinin Bature dai yana jikina. Ke fa?"

Lizzy ta taka har teburin gaba, ta durƙusa gaban Ngo Kachollom, yayar baban Raymond, wadda aka ɗauko daga Jos saboda bikin. Ta miƙa mata makirufo.

"Ngo, don Allah, wane ne Calvert?"

Tsohuwar ta yi murmushi. "Ai maigidan Babanmu ne, Baba kukunsa ne. Da za a sa mu makarantar mishan aka ce sai da sunan Turanci, shi ne Baba ya ari nasa."

Ta juya ta dubi Raymond.

"Au, babanka bai faɗa maka ba?"