Kejin Farar Damisa

Da aka buɗe akwatin da aka kawo daga daji, shugabar gidan namun daji ta ga nono yana ɗiga daga hantsar farar damisar, wadda irinta ya kusa ƙarewa a duniya.

"Mai jego ce," in ji ta. "A mayar da ita inda aka kamo ta, yau ɗin nan."

Mataimakinta ya dafe kai. "Haba, ranki ya daɗe! Mun sha wahalar gina mata keji, duk gari ya ji labari."

"To, 'ya'yanta labarin za su sha?"

Ranar da aka tsayar don nuna damisar, jama'a suka tarar da keji wayam, suna ta gunaguni. Shugabar ta tsaya ƙyam, kai a ɗage, ƙarƙashin allon da ta rubuta da hannunta: "Ta tafi shayarwa."