Hannun Auduga da Gangar Marigayi

Hannun Auduga ya tsaya gaban madubi yana gyara hula, ko da yake gashin da za ta rufe ya daɗe da yin ƙaura.

"Kai da sanƙonka," in ji matarsa, "rabon gado za ka ko zance?"

Rabon gado ne. Tsohon da ya koya masa kiɗa ya rasu ya bar ganga guda, baƙa, wadda gumin hannu ya sa katakonta sheƙi. Yaransa na kiɗa biyu suka rage a duniya, shi da Guduma. Autar marigayi ta aiko su zo kowa ya taɓa, wanda hannunsa ya dace ya tafi da ita.

Shi bai ga abin gwaji ba. Guduma ai darasin kowa da kowa ya samu a tsakar gida. Shi kuwa wata rana Tsoho ya saurari kiɗansa, ya murza ido, ya ƙare masa kallo, ya ce ya riƙa dawowa bayan azahar shi kaɗai.

A gindin tagar ɗakin ciki yake zaunar da shi. Bai taɓa duban hannunsa ba, sai dai ya karkata kunne wajen labule ya ɗaga yatsa: "A hankali. Yawwa. Kada ka canza." In yaro ya so ya yi wata burga, sai ranƙwashi. Matar Tsoho takan fito da jajayen idanu, ta ajiye masa abinci har da tsoka, ta sa masa albarka cikin raɗa. Ba a rufa shekara biyu ba Tsoho ya ce ya gama, ba sai ya sake zuwa ba.

Da wannan hannu ya ci abinci har gemu ya yi fari. Ba a cika kiransa wurin rawa ba, a faɗi gaskiya. Ya ce kiɗan manya ne, yara ba su da kunnensa. Duk inda ya buga, dattawa sukan lumshe ido suna gyaɗa kai. Wanda tsautsayi ya zaunar kusa da shi kuwa sai ya sha labarin darasin nan. Matarsa ta haddace shi har tana yi masa gyara in ya yi tsallake. Mu mata haka muke, mu haddace shirmen miji, mu manta inda muka ajiye makulli.

A gidan marigayi ya tarar Guduma ya riga shi, tumbi a gaba.

"Auduga, ka zo yi wa ganga susa?"

"Gara susa da dukan jaki, ɗan'uwa."

Auta, wadda ita ma yanzu ta yi jika, tana zaune kan tabarma, idanu sun faɗa. Daga ciki ana jin surukarta tana jijjiga jaririya mai tsala kuka.

Guduma ya fara. Kwanon rufi ya amsa, maƙwabta suka leƙo ta katanga, kukan ciki ya ƙaru. Ƙafar Auduga ta ci amanarsa ta soma taka rawa, sai da ya danne ta da ɗayar. In gangar nan ta bi Guduma, da wane baki zai ƙara ba da labarinsa?

Auduga ya karɓi gangar. Ya tuna ranƙwashi, ya sassauta. Ya buga yadda aka koya masa, a hankali, bai ƙara ba bai rage ba. Maƙwabta suka janye kai. Gidan ya yi tsit.

Hawaye ya cika idon Auta.

"Ɗauki, Yaya, taka ce," ta ce ƙasa-ƙasa. "Amma gobe da ita za ka dawo, jibi ma haka."

"Haba, Auta!" in ji Guduma. "Wannan ɗin?"

Auduga ya rungume ganga, ya tura hula gaban goshi.

"Tsoho ya san wanda ya ba sirri. Faɗa masa, ƙanwata. Me Baba yake cewa a kaina?"

"Ku rage murya, don Allah," in ji ta. "Cewa yake, ina jaririya na hana gidan nan runtsawa da kuka, an yi magani har an gaji, kuma duk cikin yaransa kai kaɗai ne kiɗanka ke sa mutum barci."