Kunyar Ɗan Fari

Kana cewa kunya ado ce, ni ma ban musa ba. Amma bari in ba ka misalin wata mata mai saƙar faifai, sai ka auna da kanka.

Matar nan ta haifi ɗanta na fari, namiji, ƙato, son kowa ƙin wanda ya rasa. A garinsu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta ko ɗaga ido ta dube shi. In yana kuka sai wata ta ɗauko ta miƙa mata, ta karɓa tana kau da kai. Ita kuwa ta iya wannan alkunya har ta fi waɗanda suka koya mata, surukarta ba ta da abin alfahari a gidan biki sai ita. To amma da zarar ta shige ɗaki ta saki labule, ba ta da aiki sai kallon yaron, don tana son sa kamar ranta. A nan ne, tun ba ta gama wankan jego ba, ta lura da wani fari-fari a tsakiyar baƙin idanunsa, kamar an ɗiga nono. Ta ce a ranta wataƙila haka idon jarirai yake. Ta sa bakin zane ta goge, abin bai fita ba.

Yaro ya yi ta girma yadda ake so. Wuyansa ya yi ƙwari ya riƙe kai. In an kwantar da shi rub da ciki sai ya dafa tabarma ya ɗago ƙirji. Kakarsa ta ɗaga shi tana yi masa tawai, tana kiransa maigidanta, shi kuma yana ta ƙyaƙyata dariya. Ba wanda ya gane cewa muryar yake yi wa dariya. Idon tsohuwar ya riga ya yi rauni, uban kuma shi ma kunyar yake yi, ga gona ta sha masa kai. Uwar kaɗai ta san cewa in yana shan nono ba ya kallon fuskarta, alhali ɗiyar maƙwabciyarta, wadda aka haifa bayansa, ƙura wa uwarta ido take yi har ta ƙoshi. Wata rana ta ɗauko sabon faifai mai ja da kore ta wulga masa a gaba, idanun suka ci gaba da yawonsu, ba su bi ba. Ta kaɗa awarwaron hannunta, nan da nan ya juyo.

Sau nawa ta tashi za ta faɗa! Takan je har ƙofar ɗakin surukar da maganar a bakinta, sai ta tuna cewa in ta ce idon yaro kaza ne, ta tona wa kanta asiri ke nan cewa zaman kallonsa take yi. Za a ce ashe duk kunyar ta ganin ido ce. Sai ta durƙusa ta gaida tsohuwa, ta tambaya ko a ɗora mata ruwan zafi, ta koma ɗaki tana kuka. Addu'arta kullum ita ce Allah ya sa wani ya gani ya faɗa a madadinta. Aka fara zaunar da yaron a cikin babbar tasa, an tokare shi da tsummoki don ya koyi zama. Sa'anninsa suna miƙa hannu su cafke duk abin da aka nuna musu, shi sai an sa masa a tafin hannu. Matan gida suka yi ta dariya, suna cewa wannan ɗan hutu ne, ba zai wahalar da kansa ba. Tana jin su, kanta a sunkuye, tana ta saƙarta.

Rarrafe ne ya fallasa abin. Ya buga goshi da turmi, aka ce ƙiriniya ce. Da rana tsaka, kowa na tsakar gida, ya miƙi hanya zuwa murhu wuta na ci, ko ƙiftawa bai yi ba, sai da hannunsa ya shiga toka mai zafi. Aka kwashe shi zuwa asibitin ido a birni. Likita ya haska idanun da ƴar fitila, ya ce yanar ido ce, da ita aka haife shi. Ya ce za a iya cire ta, amma ido ma koyon gani yake yi, yadda wuya ke koyon riƙe kai, kuma a watannin farko yake wannan koyon. Idon da ya zauna a rufe har lokacin ya wuce, ko an buɗe shi, kaɗan zai samu. Sannan ya tambaya yaushe aka fara lura. Kakar ta ce shekaranjiya, uban ya gyaɗa kai. Sai wata ƙaramar murya ta fito daga cikin mayafi.

"Ni na gani tun kafin mu yi arba'in."

Wannan ita ce maganar farko da ta taɓa yi a kan ɗanta a gaban mutane. Ba wanda ya zage ta, kuma da an zage ta da ya fi mata sauƙi. Aka yi aikin. Yaron yana bambance haske da duhu, in mutum ya gitta yana ganin inuwa, iyakarta ke nan. Ya miƙe, ya yi tafiya lokacin da sa'anninsa suka yi, amma bango yake bi.

Akwai maganar da in ba a yi ta a lokacinta ba, faɗinta daga baya ba ya gyara komai. Shi ya sa Hausawa suka ce, tun ran gini, ran zane.