Sunayen da Aka Kankare

Malam Zakari, ka ce kana mamakin yadda mutanen da ka yi wa hidima shekara ashirin suka wuce ka a hanya kamar ba su taɓa ganinka ba. Gyara zama in ba ka misali.

Akwai wani gari a bakin iyaka da 'yan bindiga suka taɓa yi wa ƙawanya wata uku, ba shiga ba fita, har mutane suka koma cin dusa. Sojojin ƙasar suka yi iya yinsu abin ya gagara, sai da maƙwabciyar ƙasa ta turo nata aka haɗa ƙarfi, sannan hanya ta buɗe. Soja arba'in da ɗaya suka kwanta dama a bakin gadar garin, sha bakwai a cikinsu baƙi ne. Wuta ta ci su yadda ba a iya gane na gida da na waje, aka binne su a kabari guda. Da ƙura ta lafa aka kafa babban dutse a mararrabar kasuwa, aka kira wani masassaƙin dutse ɗan garin ya rubuta sunayen. Ya jera su a cakuɗe kamar yadda suke kwance a ƙasa. Aka kafa tuta biyu, aka busa begila, manya suka yi jawabi har suka share hawaye.

Bayan shekara bakwai shugabannin ƙasashen biyu suka ɓata. Aka rufe iyaka, aka sauke tuta ɗaya, sai ga takarda daga babban birni cewa a kankare sunayen baƙi. Aka sake kiran masassaƙin. Ya ce hannunsa ba zai iya ba. Aka ce in ya ƙi, katafila za ta zo ta ture dutsen gaba ɗaya, har da sunayen 'yan gida. Ya ɗauki guduma. Kwana uku yana bugu, mutanen da suka ci dusa suna wucewa da buhunan shinkafa a bayan babur, babu wanda ya tsaya ya ce masa me kake yi.

Ranar da ya gama, yana tattara kayan aiki, sai ga wata tsohuwa ƙafafunta duk kaushi da ƙaya. Daga ƙetare ta fito, ta biyo daji kwana biyu saboda an rufe hanya. Ba ta iya karatu ba, amma ranar da aka buɗe dutsen an nuna mata gurbin ɗanta, Kofur Iliya Tankari: layi na uku, suna na huɗu. Ta ɗora yatsa tana lalube har ta kai wurin, ta ji rami sumul. Ta koma farko ta sake lalubowa. Sannan ta juyo ta dubi gudumar da ke hannun mutumin.

"Ɗana," in ji ta, "wane laifi Iliya ya yi muku bayan ya mutu?"

Ya buɗe baki ya ce, "Inna," ya sauke gudumar ƙasa. Tsohuwa ba ta zage shi ba, ba ta yi kuka ba. Ta durƙusa a gindin dutsen, ta tattara garin dutsen da ya zuba daga sunayen sha bakwai ɗin nan, don ba ta san wanne ne na ɗanta ba, ta ƙulle a gefen zaninta, ta kama hanyar daji. Ko ta isa gida, Allah masani. Shi kuwa masassaƙin bai ƙara bin ta mararrabar nan ba har ya mutu.

To Malam Zakari, waɗannan rai suka bayar, ba shekara ashirin ba. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce an ci moriyar ganga, an yar da kwaurenta.